Bakin Tafkin Chadi: Tekunmu Na Borno

Jama'a, idan aka ce hutu a bakin ruwa, yaranmu na yau sai hankalinsu ya tafi Ikko ko Kalaba. Ba su san cewa mu mazauna Yerwa muna da namu tekun ba, tafiyar kilomita wajen 200 daga nan, ta Monguno zuwa Baga. A da, in an yi hutun Sallah, iyayenmu kan kwashi iyali a je a ga ruwa, a shiga kwalekwale, a dawo da kwalin banda tsaraba.

To, wannan wuri ba na shan iska ba ne kawai, wuri ne mai tarihi. Kafin a kai Baga akwai Kukawa, garin da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814. A 1823 Turawan Ingila, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso bakin tafkin bayan sun ƙetare Sahara. A 1851 Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Kukawa, har ya ba da labarin babbar kasuwarta mai ci ran Litinin. Abokin tafiyarsa Overweg kuwa, jirgin ruwa suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus, aka harhaɗa shi, ya zaga tsibiran Buduma. Ku duba fa irin wahalar da baƙo ya sha don ya ga abin da ke ƙofar gidanmu!

Rabeh ya ƙone Kukawa a 1893, shi ma aka kashe shi a Kusuri a 1900. A 1907 Shehu Garbai ya dawo Yerwa, mulki ya bar bakin ruwa.

Ina namu rabon a wannan labari? Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa sarin kanwa, alhazan ƙasa kuma ta nan suke ratsawa su nufi Sudan. Daga baya masunta daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja suka zo da fatsa da koma, suka zauna tare da Barebari da Buduma. Sunaye irin su Daban Masara da Tumbun Rago kaɗai sun isa shaida. Har ruwan ma akwai dangantaka, domin kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke haɗuwa su zama kogin Yobe da ke zuba a tafkin, ko da yake kaso mafi tsoka daga kogin Shari yake zuwa.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan, har abin da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 10 ba. Masunta da yawa suka koma noman masara da wake a inda ruwa ya bari. Bayan haka ga fitinar Boko Haram. A Janairun 2015 aka far wa Baga, aka kashe jama'a masu yawa, dubbai suka yi gudun hijira, wasunsu mu muka sauke su a gidajenmu. Sai a 2020 gwamnatin jiha ta fara mayar da mutane garin.

Don haka ba mu ce kowa ya ɗauki iyali ya kama hanya ba tare da ya bincika lafiyarta ba. Abin da muke roƙo shi ne, dattawan da suka san tafkin yana cike suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani, mu kai yara kasuwar kifi ta Tashar Baga su ji daga bakin masu sana'ar. In ba haka ba, ranar da hanya ta buɗe sosai, za su je su ga ruwa ne kawai, ba su san na wa ne ya sha wuya a kansa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.