Shekarar El-Buhari da Ɗaya ga Janairu

A Gangara, idan ka tambayi tsohuwa yaushe aka haife ta, ba za ta ba ka lamba ba. Za ta ce ranar kasuwar Jibiya ce, shi ya sa ake kiranta Ladi. Suna ne ke riƙe da lokacin haihuwa: Talatu, Ɗan'asabe, Azumi, Anaruwa. Shekara kuwa da abin da ya auku ake gane ta, kamar yunwar 1984 da mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, shekarar da aka rufe iyaka.

Takarda ce ta kawo mana kwanan wata. A Nijar, ma'aikatan Faransa kan rubuta an haifi mutum wajajen shekara kaza. A Najeriya dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, amma dubi yawan 'yan ɗaya ga Janairu a Facebook. Ni ma ina cikinsu, malamin firamare ne ya zaɓar mini.

Ko Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta fitar da tarihinta a 1954, ƙiyasta shekarar haihuwarta aka yi. To marubucin da ya sa jarumarsa ta ƙauye yanka kek a 1975, wa ya gaya mata ranar?