Hukuncin Yin Ciko Don A Mayar Da Tikitin Jirgi Zuwa Kujerar Gaba

Tambaya

Ni manomi ne a Rogo, ina kuma ɗan taɓa kasuwancin hatsi. Bayan kaka na sayar da masara, na saya mana tikitin Umara ni da mahaifiyata ta hannun wani ejan, kujerun baya da ake kira ikonomi. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da ciwon gwiwa da na baya, ko asibitin Ƙaraye za a kai ta sai an tsaya a hanya ta miƙe ƙafa. Ejan ya ce in na yi ciko za a mayar da tikitinta kujerar gaba, wato bizines. Yayana ya ce wannan almubazzaranci ne, kuma zai rage mata lada, domin ibada sai da wahala. Wani abokina kuma ya ce in bari sai ranar tafiya, ya san wanda za a damƙa wa rabin kuɗin a hannu ya zaunar da ita gaba. Sannan akwai ragowar kuɗin taki da wani dila yake bi na, mun yi da shi sai bayan Salla. Mene ne hukunci?

Taƙaitacciyar amsa

Ya halatta ka yi cikon, matuƙar kuɗin na halas ne, ka san adadinsa da abin da za a ba ka, kuma aljihun kamfanin zai shiga da rasit. Wannan ba ya rage ladan Umara. Bai wa ma'aikaci kuɗi a ɓoye ya zaunar da ita gaba haramun ne. Bashin da lokacinsa bai yi ba ba ya hana ka, in kana da abin biya idan lokacin ya zo.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: matsayin tikiti da ciko a shari'a

Sayen tikitin jirgi haya ce, abin da malaman fiƙihu suke kira ijara. Ka biya kuɗi sananne, kamfani ya ɗauki alƙawarin kai ka wuri sananne a rana sananniya, a kujera mai siffa sananniya. Irin wannan haya aka riƙa yi da raƙuma zuwa Makka tun zamanin farko, kuma malamai sun haɗu a kan halascinta.

Idan daga baya kai da kamfanin kuka yarda ka ƙara kuɗi su ƙara maka amfani, kamar kujera mai faɗi da ake kwantar da ita, da shiga jirgi kafin jama'a, to yarjejeniya ce a kan ƙarin amfani na halas. Asali a mu'amala shi ne halasci sai dalili ya hana. A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah ya hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ya keɓe cinikin da aka yi bisa yarda.

Akwai abu guda da malaman Malikiyya suke kula da shi a hayar da take a wuyan mai abin hawa kuma ba a fara tafiyar ba: a gaggauta biyan kuɗin, don kada a wayi gari kowane ɓangare bashi ne a kan ɗan'uwansa. Sun sassauta a hayar zuwa Hajji cewa a ba da wani abu kaɗan tun farko, saboda an sha samun masu raƙuma suna karɓe kuɗin mutane su ɓace. Kamfanonin jirgi dama ba sa canja tikiti sai an biya nan take. Inda za ka kula shi ne tsakaninka da ejan. Idan ya biya maka daga aljihunsa ka biya shi daga baya, rance ne, kuma bai halatta ya ƙara maka ko kwabo saboda jinkiri ba. La'adar aikinsa kuwa halas ce idan ya faɗe ta tun farko. In an yanke cikon da dala kai kuma za ka biya da naira, ku tsayar da farashin canji na ranar, ka biya a zaman.

Na biyu: hanyoyin da ake ɗaga tikiti

1. Farashi tsayayye. Kamfani ko ejan ya faɗa maka adadi, a ofis, ko a shafinsu na intanet, ko a kantar auna kaya ranar tafiya, ka biya a ba ka rasit da sabon tikiti. Wannan halas ne.

2. Tayi. Wasu kamfanoni kan aiko saƙo kwanaki kaɗan kafin tafiya, su ce kowane fasinja ya taya kujerun gaba da suka rage, wanda tayinsa ya karɓu a cire kuɗin daga katinsa. Wannan gwanjo ne, kuma cinikin gwanjo ya halatta a wurin mafi yawan malamai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da halascinsa a zamanta na takwas a ƙasar Burunai a 1993. Abin dubawa shi ne wanda bai dace ba kada a ci masa komai. In kuwa sai ka biya kuɗin da ba ya dawowa, sannan a jefa ƙuri'a a ga wa zai samu, to caca ce.

3. Maki. Kamfanoni suna tara wa mai yawan tafiya maki, kamar tsarin Alfursan na Saudia da ShebaMiles na jirgin Habasha. Yin amfani da makin wajen ɗaga tikiti halas ne, domin kyauta ce ko rangwame daga mai sayarwa. Idan ma'aikatarka ce ta sayi tikitin da ya kawo makin, ka bi ƙa'idarta a kan wanda ya mallake shi.

4. Kyautar kamfani. Wani lokaci kujerun baya sukan cika, sai jami'in da aka bai wa izini ya mayar da wasu fasinjoji gaba ba da ko sisi ba. Karɓar wannan babu laifi. Haka nan babu laifi ka roƙa, ka bayyana lalurar tsohuwa, a ba ka ko a hana ka.

5. Kuɗi a hannun ma'aikaci. Wannan ce shawarar abokinka, kuma haramun ce. Kujerar ta kamfani ce, ma'aikaci amana aka ba shi, ana kuma biyansa albashi a kanta. In ya sayar ya sa a aljihu ya ci amana, kai kuma ka ba da cin hanci don ka sami abin da ba naka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wani kaso kyauta aka ba shi. Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da babu mai kawo masa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito la'anta ga mai ba da rashawa da mai karɓa. Kiran abin na goro ko ihsani ba ya canja hukuncinsa. Cewa ai kujerar da ma haka za ta tafi babu kowa, shi ma ba hujja ba ne, domin ɗakin hayar da babu kowa a ciki bai zama na mai gadi ba. Alama mai sauƙi ita ce rasit: duk wanda ya ce ka biya shi a gefe babu takarda, ka janye.

Na uku: almubazzaranci ne? Yana rage lada?

Yayanka ya yi gaskiya cewa Allah ya hana ɓarnar dukiya, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi aya ta 31 da Suratul Isra'i aya ta 26 da 27. A Suratul Furƙan aya ta 67 kuma an yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Sai dai ana auna ɓarna da ƙarfin mutum da buƙatarsa. Abin da zai zama ɓarna ga saurayi lafiyayye da ya ci bashi don a gan shi a gaba, ba ɓarna ba ne ga tsohuwa mai ciwon gwiwa da ɗanta yake da hali.

Dubi tafiyar da ke gabanta. Za ta taso a mota daga Rogo zuwa Kano, ta yi zaman jira a filin jirgin Malam Aminu Kano, sannan ta yi sama da awa huɗu a sama in jirgin kai tsaye Jidda za shi. In na yada zango ne a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, tafiyar ta fi haka nisa. Da ta sauka kuma ga ɗawafi da sa'ayi suna jiranta. Kuɗin da aka kashe don ta isa da sauran ƙarfi ya shiga cikin kyautata wa iyaye.

Maganar cewa sai an wahala ake samun lada tana buƙatar gyara. Gaskiya ne ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya gaya wa Nana A'isha (Allah ya ƙara mata yarda) ladan Umararta yana gwargwadon wahalarta ko abin da ta kashe. Malamai suka ce ana nufin wahalar da ibadar ta zo da ita, wadda babu makawa daga gare ta, ba wadda mutum ya jawo wa kansa ba. Ka lura kuma hadisin ya ambaci kashe dukiya tare da wahalar. A cikin littattafan biyu har ila yau, ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen zuwa a ƙafa, sai ya bayyana cewa Allah ba ya buƙatar wannan azabtar da kai, ya umarce shi ya hau abin hawa. Ibnu Hibban ya ruwaito cewa ya ƙidaya abin hawa mai daɗi cikin abubuwan jin daɗin rayuwa.

A ɗaya gefen, Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya yi Hajji a kan raƙumin da yake ɗauke da kayansa. Don haka lafiyayyen da ya zauna a baya don ƙanƙan da kai, ya bai wa mabuƙaci bambancin kuɗin, ya yi abin da ya fi. Wanda ya zauna a gaba don lalura ko don yana da hali bai yi laifi ba. Abin gudu shi ne alfahari da riya, irin ɗaukar hoton kujera a watsa don a san matsayinka.

Na huɗu: da kuɗin wa za a yi cikon?

Bashin takin da ka ambata, tunda kun yi sai bayan Salla, ba ya hana ka, in kana da amfanin gona ko jarin da kake kyautata zaton zai biya shi a kan lokaci. Da a ce lokacinsa ya yi kuma mai shi yana nema, to biyansa ne a gaba, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jan rai daga mai hali zalunci ne. Haka abincin iyalinka har ka dawo, shi ma yana gaban ciko.

Wanda ke tafiya da kuɗin wani kuma ba ya yin ciko da su sai da izini. Wannan ya haɗa da ma'aikacin da ofis ya tura, da wanda aka bai wa kuɗi ya yi wa mamaci Hajji, da mai riƙon dukiyar marayu. In 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗin tafiyar, sai sun yarda. Kowanensu yana iya ciko daga aljihunsa.

Alhazan da suka biya ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano su sani cewa hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kuɗin kujera guda take sanarwa ga kowace shiyya. Duk ƙarin da ba hukuma ce ta sanar da shi ba, kada a bai wa wani jami'i don wurin zama. Maganar ciko ta fi shafar masu Umara da masu jirgin yawo.

Na biyar: abin lura kafin biya da bayan an shiga jirgi

Ka sa ejan ya rubuta maka abin da cikon ya ƙunsa, don jahiltar abin da aka saya shi ke kawo rigima. Zuwa ne kaɗai ko har dawowa? In akwai yada zango, duka jiragen biyu ne ko ɗaya? Ya haɗa da ƙarin nauyin kaya da ɗakin hutawa, ko kujerar ce kawai? In an fasa tafiya yana dawowa? Idan ka biya amma aka canja jirgi aka mayar da ita baya, haƙƙinka ne ka nemi cikonka.

Wasu kamfanoni sukan tarbi fasinjan gaba da abin sha a kofi, wani lokaci har da giya. Ka gaya wa mahaifiyarka ta tambaya kafin ta karɓa. Samuwar giyar ba ta haramta tikitin, domin kujera kuka saya. Amma in akwai zaɓi, jirgin da ba ya raba giya, kamar Saudia, ya fi.

Idan Jidda jirgin ya nufa kuma kun ɗaura harami, ku guji turare da man shafawa da tawul mai ƙamshi da ake rabawa a gaba. Namiji kada ya sa safar da aka ba shi, kada kuma ya lulluɓe kansa da bargo. In Madina za ku fara sauka, sai kun zo Zul Hulaifa za ku yi harama.

Zamanta a gaba kai kana baya bai raba ta da muharraminta ba, tunda jirgi ɗaya kuke. Sai dai ka yi shawara da ita, domin wata tsohuwar ta fi samun nutsuwa kusa da ɗanta da zai kama ta zuwa bayi ya kuma yi mata tafinta. In cikon mutum biyu ya fi ƙarfinka, akwai mai sauƙi: ka biya ƙaramin kuɗi a ba ku kujerun farkon layi masu wurin miƙe ƙafa, ka kuma sa ejan ya nema mata keken tura marasa ƙarfi kwana biyu kafin tafiya, wanda galibi kyauta ake bayarwa.

Ka zauna da yayanka ka karanta masa wannan cikin girmamawa, domin shi ma alheri yake nufi. Allah ya ba mahaifiyarku lafiya, ya karɓi ibadarku, ya dawo da ku gida lafiya.

Allah ne mafi sani.