Abin da ke sa mahaɗi ya ƙi gina laburaren tarayya, da yadda ake gyarawa da -fPIC

Daga cikin saƙonnin da suka fi tsayar da masu rubuta manhaja a kan Linux akwai wanda shirin ld ke fitarwa lokacin da ake gina fayil mai ƙarewa da .so. Yana cewa: relocation R_X86_64_32 against `.rodata' can not be used when making a shared object; recompile with -fPIC. Maganin yana cikin saƙon, amma mutane da dama na ƙara -fPIC su sake gwadawa, saƙon kuma ya dawo.

Laburaren tarayya kod ne da shirye-shirye da yawa ke amfani da shi a lokaci guda. Ba a san adireshin da za a ɗora shi a cikin memori ba sai an tashi shirin, kuma tsarin tsaro na ASLR yana sauya wannan adireshi duk lokacin da aka tashe shi. Saboda haka kod ɗin da ke ciki bai kamata ya riƙe adireshi tsayayye ba. Idan aka ba GCC ko Clang umarnin -fPIC, sai su rubuta kod da ke auna nisa daga inda umarnin yake, su kuma bi ta teburori biyu, GOT da PLT, wajen kai wa ga bayanai da ayyukan da ke waje. Idan ba a ba su ba, suna iya barin gurbi mai bit 32 domin adireshi. A kan x86-64 adireshin laburare kan wuce abin da bit 32 zai ɗauka, don haka mahaɗi ya ƙi ci gaba.

A tsohon tsarin x86 mai bit 32 ana iya tsallake wannan. Mai ɗora shiri yakan gyara kod ɗin a memori, amma shafukan da aka taɓa sun daina zama na tarayya. Google ta rufe wannan ƙofa tun Android 6.0 ga manhajojin da aka gina domin API 23 zuwa sama.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne sunan fayil da ke farkon saƙon. Sau da yawa ba kod ɗin mai ginin ba ne ke da laifi, laburare ne tsayayye mai ƙarewa da .a da aka jawo ciki. Fayil na .a tarin fayilolin .o ne kawai, kuma an riga an fassara su. Ƙara -fPIC a layin haɗawa ba zai canja su ba, domin umarni ne na lokacin fassara. Dole a koma ga tushen wannan laburare a sake gina shi. A CMake ana yin haka da -DCMAKE_POSITION_INDEPENDENT_CODE=ON. A ayyukan da ke amfani da libtool akwai --with-pic, FFmpeg da x264 kuma suna da --enable-pic. Inda babu ko ɗaya, ana sa -fPIC a cikin CFLAGS da CXXFLAGS. Sannan a yi make clean, domin make ba ya lura da sauyin umarni, zai ci gaba da amfani da tsofaffin fayiloli. Wannan mantuwar kaɗai tana cinye wa mutane sa'o'i.

Akwai kuma ruɗanin da ke tsakanin -fPIC da -fPIE. Tun Ubuntu 16.10 da Debian 9, GCC na gina shirye-shirye da PIE ko ba a nema ba. PIE na shirin da ake tashi ne, yana ɗauka cewa alamominsa ba za a maye gurbinsu daga waje ba, kuma wannan zato ba ya tsayuwa a laburaren tarayya. Shi ya sa fayil ɗin PIE kan haifar da kuskuren R_X86_64_PC32 idan aka cusa shi cikin .so. Idan kuwa saƙon ya ce PIE object, to shiri ake haɗawa da tsohon kod. Ana iya wucewa da -no-pie, sai dai an rage kariyar ASLR ke nan, kuma sake ginawa ya fi.

Kod ɗin asambili da aka rubuta da hannu ba ya jin -fPIC ko kaɗan. Sai an gyara shi ya yi amfani da adireshin da ke dogara da rajistar RIP.

Game da -fpic mai ƙananan baƙaƙe, a kan x86-64 daidai yake da -fPIC. A kan wasu injuna kamar SPARC da AArch64 yana iyakance girman GOT, don haka manyan baƙaƙen sun fi aminci.

Domin tantancewa, readelf -r a kan fayil na .o ko .a zai nuna ko akwai R_X86_64_32 ko R_X86_64_32S a sassan kod da bayanai. Ba a damuwa da waɗanda suke a sassan .debug. Bayan an gama gini, readelf -d a kan fayil na .so bai kamata ya nuna kalmar TEXTREL ba.