Daga fatar kwaɗo zuwa ta karfasa: tarihin rufe ƙuna

'Yan uwa, tankar da ta fashe a Majiya ranar 15 ga Oktoba, 2024 ta ci fiye da mutum 150, wasunsu bayan kwanaki a gadon asibiti. Mu nan Kwaciri da Sabon Gari mun san gobara, ta kasuwa a 2016 ba mu manta ba. Abin da ke kashe mai babbar ƙuna shi ne rashin fata: ruwan jiki ya tsiyaye, ƙwayoyin cuta su shiga.

A 1869 wani likita, Reverdin, ya nuna a Paris cewa ɗan yankin fatar mutum yana kamawa a kan gyambonsa. To idan wuta ta ci rabin jiki, ina za a yanko? Sai aka koma ga dabbobi, har da kwaɗo, amma fatar takan ruɓe ta faɗi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Peter Medawar ya gano dalili: garkuwar jiki ce ke korar baƙuwar fata. Tun daga nan fatar dabba ta zama rufin wucin gadi. Ta alade ta yi tashe daga shekarun 1960.

An kuma lura ɗan tayi na warkewa ba tabo a farkon ciki. Yau a Amurka ana sarrafa fatar ɗan tayin saniya, a cire ƙwayoyin halittarta, a shimfiɗa saƙar da ta rage domin nama ya tsiro a kai. Tsada gare ta.

Biyu ne nake ganin sun dace da mu. Tantanin mabiyiya, wadda muke binnewa bayan haihuwa, tun 1913 ake rufe ƙuna da shi. Sai fatar karfasa: likitocin Fortaleza a Brazil suna tsaftace ta su lulluɓe ƙuna, zafi ya ragu, wankin ciwo ma ya ragu. Ga kifin nan a Tiga da Bagauda, kuma ba takaddamar halasci.

Ya kamata gwamnati ta kafa ma'ajiyar irin waɗannan a Kano, malamai su yi fatawa kan mabiyiya. Kafin nan, don Allah a daina shafa manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Ruwa mai sanyi minti 20, ban da ƙanƙara, sai asibiti.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mu.