Shirley Jackson: Uwar 'Ya'ya Huɗu Da Ta Tsorata Amurka

A ranar 26 ga watan Yunin 1948 mujallar The New Yorker ta buga wani gajeren labari mai suna "The Lottery", wato Ƙuri'a. Kafin bazarar shekarar ta wuce, wasiƙu sama da ɗari uku sun isa hannun wadda ta rubuta shi, kuma a ƙidayarta goma sha uku kacal ne suka zo da magana mai daɗi, su ma yawancinsu daga abokai. Wasu sun zage ta, wasu sun daina sayen mujallar, wasu kuwa tambaya suke yi a wane gari ake wannan al'ada, ko za su iya zuwa kallo. Marubuciyar, Shirley Jackson, tana da shekara 31 a lokacin, da 'ya'ya biyu ƙanana da tsohon cikin na uku, tana zaune a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Vermont. A yau ana lissafa ta cikin manyan marubutan labaran ban tsoro na ƙarni na 20, kuma duk wanda ya bi tarihinta zai ga cewa daga cikin gida ta samo kayan aikinta: daga madafa, da tarbiyyar yara, da zaman aure, da idon maƙwabta.

An haife ta a ranar 14 ga Disamban 1916 a birnin San Faransisko, ta tashi a Burlingame, unguwar masu hali a jihar Kalifoniya. Mahaifiyarta, Geraldine, mace ce mai son ado da shiga taron manya, ta so a ce ta haifi 'yar kwalisa irinta. Sai Allah ya ba ta yarinya mai jiki, mai son kaɗaici, wadda ta fi son ta kulle ɗaki tana rubutu. Wannan rashin jituwa bai taɓa warkewa ba. Har bayan Shirley ta girma ta yi suna, wasiƙun uwar ba su fasa zuwa da gori kan ƙibarta da shigarta ba. Ba abin mamaki ba ne da littattafanta suka cika da iyaye mata masu wuyar sha'ani da 'yan mata marasa wurin zama.

Iyalin sun koma Rochester a jihar New York tana budurwa. Ta shiga jami'ar garin a 1934, karatun bai yi mata daɗi ba, ta bari a 1936. Shekarar da ta biyo baya a gida ta yi ta, amma ta ɗora wa kanta doka: kalma dubu ɗaya kowace rana. Wannan horon shi ya riƙe ta daga baya, lokacin da babu sauran ɗakin da za ta kulle. A 1937 ta shiga Jami'ar Syracuse, inda wani ɗan gajeren labarinta mai suna "Janice" ya faɗa hannun wani ɗalibi, Stanley Edgar Hyman. An ce yana gama karantawa ya sanar da cewa shi fa zai auri wadda ta rubuta wannan. Tare suka kafa mujallar ɗalibai mai suna Spectre, suka kammala karatu a 1940, suka yi aure a shekarar. Shi Bayahude ne daga Brooklyn, ita kuma Kirista, don haka iyayen ɓangarorin biyu ba su yi murna da auren ba.

Sun fara zama a birnin New York cikin rashin kuɗi. A 1941 mujallar The New Republic ta buga mata wani labarin raha kan aikin da ta taɓa yi a wani babban kanti, shi ne fitowarta ta farko a jaridar da ake karantawa a faɗin ƙasa. Ɗan fari ya zo a 1942. A 1945 Hyman ya sami aikin koyarwa a Kwalejin Bennington, suka tare a North Bennington, garin da ta yi mafi yawan sauran rayuwarta.

Zaman garin ya sa ta a tsaka mai wuya. A wurin mutanen kwaleji ita matar malam ce, mai dafa wa baƙi abinci. A wurin 'yan gari kuwa baƙuwa ce daga birni, matar Bayahude, mai gida cike da littattafai da kyanwoyi, wadda ake raɗe-raɗin tana taɓa tsafi. Ita ma ba ta ƙaryata ba, don ta yi karatu mai zurfi kan tarihin maita, tana kuma jin daɗin tsokanar 'yan jarida da zancen. A cikin gida kuma aikin duk nata ne: girki, wanki, cefane, kai yara makaranta. Rubutu sai yara sun fita, ko sun yi barci.

A cewarta, tana tura 'yarta a keken jarirai tana hawan tudu da kayan cefane a ciki tunanin "The Lottery" ya zo mata, tana isa gida ta ajiye yarinyar ta zauna a gaban keken rubutu. Labarin kan wani ƙauye ne mai mutum kusan ɗari uku, da suke taruwa a dandali kowace shekara a ranar 27 ga Yuni. Rana ta fito da kyau, yara maza suna tara duwatsu, mata suna hira. Kowane maigida ya zari takarda daga wani tsohon baƙin akwati. Gidan da ƙuri'a ta faɗa wa sai a sake zaɓe a tsakanin mutanensa, wanda ya ɗauki takarda mai ɗigon baƙi kuma a jefe shi har lahira. Ba wanda ya tuna asalin al'adar sosai, amma ba a fasa ba.

Abin da ya fi tayar da tsikar jiki a labarin shi ne yadda ya shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta. Tessie Hutchinson ta zo a makare don ta tsaya wanke-wanke, tana wasa da dariya da kowa. Da ƙuri'a ta faɗa gidanta, sai ta nemi a sa 'yarta da ta yi aure a cikin zaɓen, don ta rage wa kanta haɗari. Manyan 'ya'yanta biyu suna buɗe takardunsu suka ga babu komai suka hau murna, alhali sun san saura iyayensu. Da aka tabbatar ita ce, wani ya miƙa wa autanta 'yan tsakuwoyi. Shekara uku kenan da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Amurka suna ganin zalunci abu ne da ya faru can a Turai. Sai ga wata matar aure ta kawo musu shi ƙofar gida, a hannun mutanen kirki masu gaisuwa da fara'a. Iyayenta ma sun rubuto mata cewa labarin bai yi musu ba.

'Yan watanni bayan wannan hayaniya ta je asibiti haihuwar ta uku. Ta ba da labarin cewa ma'aikaciyar da ke cike takarda ta tambaye ta sana'arta, ta ce marubuciya, matar ta ce ita dai matar gida za ta rubuta. Jackson ta mayar da irin wannan abu hanyar samun kuɗi. Ta riƙa sayar wa mujallun mata irin su Good Housekeeping da Woman's Day labaran raha kan rayuwa da yara, daga baya ta tattara su a littattafai biyu, Life Among the Savages a 1953 da Raising Demons a 1957. Sunayen kansu sun isa shaida: na farko ya kira yaran mutanen daji, na biyu ya kira su aljanu. Kuɗin waɗannan labarai ya taimaka ƙwarai wajen riƙe gidan mai yara huɗu, har ta kai ta fi mijin samu, amma shi ke riƙe da asusu yana ba ta abin da ya ga dama. Ga shi kuma da neman mata, ba ya ma ɓoye mata.

Masu sharhi na zamaninta sun rasa inda za su ajiye ta. Wasu na ganin labaran gida sun zubar mata da daraja. Betty Friedan, a littafinta na 1963 kan halin da matan Amurka ke ciki, ta sa ta cikin marubutan da ke mayar da wahalar matan gida abin dariya. Amma akwai labari guda da ke nuna cewa hannu ɗaya ne ya yi ayyukan biyu. A "Charles", wani yaro ɗan rabin aji yana dawowa kullum da labarin wani fitinannen ɗan ajinsu mai dukan malama da zagi. Uwar ta ƙosa ta ga wadda ta haifi wannan yaro, ta je taron iyaye, malama ta ce ai babu mai wannan suna a ajin. Jackson ta sa labarin a kundinta na 1949 tare da "The Lottery", ta kuma sake sa shi a littafin raha na 1953. A wuri ɗaya ya ba da dariya, a ɗayan ya bar mai karatu da tambayar ko uwa ta san ɗan da take kwana da shi a gida ɗaya.

A 1959 ta fitar da The Haunting of Hill House, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyawun labarin gida mai fatalwa da aka rubuta da Ingilishi a ƙarnin. Jarumar, Eleanor Vance, mai shekara 32, ta shafe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta mai zafin hali. Bayan rasuwar uwar wani mai bincike ya gayyace ta wani tsohon gida da ake cewa ba lafiya ba. Ba a taɓa nuna fatalwa ido da ido ba. Bugun ƙofa ake ji cikin dare, ita kuwa Eleanor tana ɗauke da zargin kanta cewa uwarta ta buga bango tana kiranta a daren da ta mutu, ba ta tashi ba. Gidan ya gano inda rauninta yake, wato rashin inda za ta kira nata, ya kama ta ta nan. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na gasar National Book Award, aka yi fim ɗinsa a 1963.

Littafi na ƙarshe da ta kammala, We Have Always Lived in the Castle, ya fito a 1962. 'Yan'uwa mata biyu ne ke zaune a wani babban gida tare da baffansu marar lafiya, shekara shida bayan sauran dangin sun mutu da gubar da aka zuba a mazubin sukari. 'Yan gari sun tsane su, ranar da gidan ya kama wuta suka far masa da farfashe-farfashe, daga baya kuma kunya ta sa suka riƙa ajiye musu abinci a bakin ƙofa. Mujallar Time ta sa shi cikin littattafai goma mafiya kyau na shekarar. Da mujallar ta buga hoton Jackson, abin da uwarta ta gani shi ne ƙiba, ta kuma rubuto ta faɗa.

A daidai wannan lokaci ita ma ta zama kamar jaruman nata. Ciwon tsoron fita cikin jama'a ya kama ta, ta yi watanni ba ta iya barin gida. Shekaru likitoci suna ba ta ƙwayoyin rage ƙiba da na kwantar da hankali, ga taba da ta yi yawa. Da taimakon likitan ƙwaƙwalwa ta fara samun sauƙi, ta soma sabon littafi, Come Along with Me, kan wata mata da mijinta ya mutu, ta sayar da komai, ta ɗauki sabon suna ta shiga duniya. Ba ta gama shi ba. A ranar 8 ga Agustan 1965 ta kwanta barcin rana, zuciyarta ta tsaya, tana da shekara 48.

Bayan rasuwarta an daɗe ana tuna ta da labari ɗaya tilo, wanda ake karantar da shi a makarantun sakandaren Amurka. Marubuta irin su Stephen King, wanda ya sadaukar mata da littafinsa Firestarter, ba su bari an manta da sauran ba. A 2007 aka kafa lambar yabo da sunanta don labaran ban tsoro, a 2016 Ruth Franklin ta fitar da cikakken tarihin rayuwarta, a 2018 kuma Netflix ta yi shiri mai dogon zango daga Hill House. Abin da ta bari ya haɗa da littattafan ƙagaggun labarai shida, da na raha biyu, da gajerun labarai sama da ɗari biyu, kuma kusan duka ta rubuta su ne da yara a cikin gida, tsakanin tafiyarsu makaranta da lokacin ɗora tukunya.