Ƙasusuwan Gadufawa da Sunayen Zamunna

Tarihin da muka koyo a lakkol yakan tsaya ne kan sarakuna: Gobir, Damagaram, zuwan Turawa. Amma ƙasar da sarakunan suka taka tana da nata tarihi, kuma masana sun ce shekarunta sun kai miliyar 4 da rabi. Kai ba ya ɗaukar wanga lissafi, don haka mu matse shi cikin shekara guda. Dabbobi masu ɓawo ba su yawaita cikin teku ba sai tsakiyar Nuwamba. Dinozor, manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru, sun ɓace wajen 26 ga Disamba, wato shekaru miliyan 66 da suka wuce. Mu ƴan Adam fa? Saura kamar rabin awa shekara ta ƙare muka iso.

Ni ɗalibin harshe ne, shi ya sa sunaye suka fi ja mini hankali. Masana sun yanka wanga dogon lokaci zamani-zamani, bisa yadda duwatsu suka hau kan juna, na ƙasa ya girmi na sama. To, ku saurari sunayen. Kambiriyan daga tsohon sunan yankin Wels ne a Birtaniya. Permiyan daga garin Perm na Rasha, an sa shi a 1841. Jurasik daga duwatsun Jura, tsakanin Faransa da Suwis. Kretase kuwa daga kalmar Latin mai nufin alli. Kun gani? Wanda ya fara tono, shi ya raɗa suna.

Sai dai ƙasarmu ba ƴar kallo ba ce. A Gadufawa, cikin Tenere, inda yau ba komai sai rairayi, akwai koguna da dazuzzuka wajen shekaru miliyan 110 baya, a zamanin Kretase. Can Bafaranshe Philippe Taquet ya tono wani dinozor, a 1976 ya kira shi Ouranosaurus nigeriensis: farkon sunan kalma ce da Abzinawa ke kiran damo da ita, ƙarshensa kuwa Nijar. Daga baya Paul Sereno na jami'ar Shikago ya zo da tawagarsa. A 1999 suka raɗa wa Nigersaurus suna, mai cin tsirrai da haƙora sama da 500. A shekarar dai suka bayyana Jobaria tiguidensis na yankin Ingal, wanda ya ci sunan Jobar, wani dodo na tatsuniyar Abzinawa, da na dutsen Tigidit. Ashe makiyaya sun daɗe suna ganin ƙasusuwan, sun ba su suna tun kafin wani masani ya zo. Kuma ba arewa kaɗai ba: farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza, a ƙarƙashin teku ya taru, lokacin da ruwan gishiri ya rufe Adar.

Abin da ke damuna shi ne, wannan labari yana rubuce da Faransanci da Ingilishi, amma da Hausa shiru. Yaro zai tsaya gaban ƙwarangwal a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ya tambayi uwarsa mene ne wannan, ta ce dodo, magana ta ƙare. Abin da ba ka da sunansa, ba ka san darajarsa ba, kuma ranar da wani ya loda shi a mota zai fita da shi, ba za ka ɗaga murya ba.

Aikinmu ke nan, mu masu karatun harshe. Kretase, me zai hana mu ce Zamanin Alli? Ƙashin da ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse, mu ce ƙashin-dutse. Wata kalma za ta kama, wata ta faɗi, haka harshe yake. Amma mu zauna da ƴan sashen ilimin duwatsu, su kawo sani, mu kawo baki, har a kai inda tsohuwa a Tawa za ta iya gaya wa jikanta cewa teku ta taɓa kwana a gonarsu.