Yadda Likitoci Suka Sami Hanyar Ƙwaƙwalwa Ta Hanci

Maganarmu ta yau tarihi ce, amma tarihin da ya shafi idon kowa, balle ku ma'aikatan masana'antun Sharada da Challawa da Bompai masu tsayuwa gaban inji, da ku direbobin da ke kwasar kaya daga can. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. To, yau za ku ji yadda a ke bi ta hanci a ceci ido.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowane mutum, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar ƙwaya wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba. Likitoci suna kiranta fituwitari. Tana zaune cikin wani ɗan gurbin ƙashi mai kama da sirdi. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ku, gama ita ce ke aika sinadarai cikin jini masu tsara girman jiki, da jinin al'ada, da ruwan nono, da ƙarfin namiji, har da yawan fitsari. Bisa kanta kuwa jijiyoyin gani na idanu biyu suka gitta juna. In ƙari ya tsiro a jikinta ya girma, sai ya danne jijiyoyin nan, gani ya riƙa ƙarewa daga gefe sannu sannu, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Tun zamanin Fir'auna mutane sun san akwai hanya daga hanci zuwa cikin kai. Wani marubuci Bayunane, Hirodotas, ya ba da labari fiye da shekara 2,400 da suka wuce, cewa masu shirya gawa a Masar su kan zura ƙugiyar ƙarfe ta hanci su fid da ƙwaƙwalwa. Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, shi kuma ya ɗauka aikin ƙwayar nan tace majina ne daga ƙwaƙwalwa zuwa hanci. Aka yi fiye da shekara dubu a kan wannan kuskure, sunanta ma daga kalmar Latin mai nufin majina aka samo shi. A cikin 1886 wani likitan Faransa, Pierre Marie, ya bayyana wani ciwo mai sa hannu da ƙafa da haɓar babban mutum su yi ta girma, ba a daɗe ba aka gane ƙari ne a ƙwayar nan ke kawo shi.

To, an san inda cuta ta ke, amma ta ina za a kai gare ta? In aka buɗe ƙoƙon kai, tilas a ɗaga ƙwaƙwalwa, abin kuwa da haɗari ƙwarai. A cikin 1907, a birnin Innsbruck na Ostiriya, Likita Hermann Schloffer ya tsaga gefen hancin wani majinyaci, ya buɗe shi kamar ƙyauren ƙofa, ya bi ta kogon ƙashin da ke bayansa, ya ciro wani sashe na ƙarin. Mutumin ya sami sauƙi, amma ya rasu bayan wajen wata biyu. A cikin 1910 Oskar Hirsch, likitan hanci a Biyana, ya bi ta kafar hanci ba tare da ya tsaga fuska ba. A shekarar kuma Harvey Cushing na Amurka ya bi ta ƙarƙashin leɓen sama. Daga 1910 zuwa 1925 Cushing ya yi wannan fiɗa sau 231, waɗanda suka rasu ba su kai shida cikin ɗari ba.

Duk da haka, wajen 1929 Cushing ya bar hanyar, ya koma buɗe kai. Me ya sa? Babban dalili duhu ne. Ku kwatanta mai haƙar rijiya yana aiki a gindin rijiya mai zurfi da ƙunci, fitila kuwa tana can baki. Likita ba ya ganin iyakar ƙarin, sai ya bar saura. Ga shi kuma lokacin babu fanisilin, ƙwayoyin cuta su kan bi ta hanci su jawo sanƙarau. Da ya ke Cushing ne jagaban masu wannan aiki, sai yawancin likitoci suka bi shi, ciyawa ta rufe hanya.

Abin da ya hana ta ɓacewa shi ne abin da mu ma muka sani, watau tafiyar ilmi daga malami zuwa almajiri. Norman Dott, almajirin Cushing, ya koma Edinburgh a Sikotlan bai saki hanyar ba, ya maƙala 'yan fitilu a jikin ƙarfen da a ke buɗe hanci da shi. A cikin 1956 Gerard Guiot ya zo daga Faris ya koya wurinsa, ya ƙara da na'urar hoton ƙashi, don ya riƙa ganin inda kayan aikinsa suka kai. Jules Hardy na Kanada ya koya wurin Guiot, a tsakiyar shekarun 1960 ya shigo da madubin likita mai girmama abu, har ya iya tsince ɗan ƙanƙanen ƙari ya bar lafiyayyen nama.

Amma madubin nan a bakin rijiya ya ke tsaye. Abin da ya rage shi ne a sauka da fitila har gindi. Wani masanin gilashi na Ingila, Harold Hopkins, ya ƙago dabara a cikin 1959, Karl Storz na Jamus ya ƙera ta: siririn tsinke ne wanda bai kai fensir kauri ba, mai kai haske ciki ya dawo da hoto. A cikin 1992 Likita Jankowski da abokansa a Nancy ta Faransa suka cire ƙari da shi ga mutum uku. A cikin 1997 kuma Jho da Carrau a Pittsburgh ta Amurka, ɗaya likitan ƙwaƙwalwa ɗaya na hanci, suka ba da labarin mutum 50. Daga nan aikin ya bazu duniya, shekara 90 bayan Schloffer.

A ƙasarmu, Likita Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan a cikin 1962. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a cikin 1988, yana da likitocin ƙwaƙwalwa da na hanci da na ido, a Sakkwato kuma akwai cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo.

Yanzu ga yadda aikin ya ke. A kan sa majinyaci barci, a zura tsinken ta kafar hanci, likita yana kallon hoto a allo, ya huda ɗan siririn ƙashi, ya kwashe ƙarin, ya toshe wurin. Ba aski, ba tabo. Amma kada a ce ba haɗari. Ruwan ƙwaƙwalwa ya kan ɗiga ta hanci, waɗansu su kan yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari, waɗansu kuma su zauna kan magani. Bayan aiki ba a fyace hanci, ba a ɗaukar kaya mai nauyi, a kan guji ƙura, a tambayi likita yadda za a yi sujada har wurin ya warke. Yawancin ƙarin nan ba ciwon daji ba ne. Irin wanda ke sa zubar nono ma sau da yawa ƙwayar magani kaɗai ke motsar da shi.

Ga alamun da za ku lura da su. Ciwon kai mai naci tare da raguwar gani. Yawan karo da ƙofa ko mutane, ko mota ta ɓullo daga gefe ba ka gan ta ba. Takalmi da zobe su matse wa babban mutum. Mace al'ada ta ɗauke mata, nono na zuba, ba ciki ba goyo, haihuwa ta ƙi. Namiji ƙarfinsa ya ragu. Sau da yawa a kan ce sammu ne ko iska, a yi ta yawon neman magani har ido ya tafi.

Ku gwada a gida. Rufe ido ɗaya, ka dubi hancin ɗan'uwanka, shi kuma ya kawo yatsa daga gefe yana motsa shi. In ba ka gani ba sai da ya zo gabanka, tafi asibiti, ka roƙi a auna ganin gefe, ba karatun allo kaɗai ba. Likita ne zai sa a gwada jini, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ya faɗi inda za a yi aiki.

Jijiyar da aka danne ta kan farfaɗo in an ɗauke mata nauyi da wuri, amma wadda ta riga ta bushe ba likitan da zai rayar da ita. Direba ko mai inji da ba ya ganin gefe, ransa da na jama'a da abincin iyalinsa duk suna cikin haɗari. Rashin sani ya fi dare duhu, yanzu kuwa kun sani, sai ku gaya wa waɗanda ba su ji ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.